Batirin litiyam ko na ruwa: amsa ga magidancin da baturansa suka mutu cikin wata 18

Tambaya: Assalamu alaikum, injiniya. Ina zaune a Zariya. Shekara biyu da suka wuce na haɗa sola a gidana: farantai 4 masu wat 300, inbata mai bolt 24, da manyan baturan ruwa guda 2 masu amfiya 220. Wata 18 kacal baturan suka yi, yanzu kafin ƙarfe 1 na dare inbata ta fara kuka. Mai gyara ya ce in sayi batirin litiyam, wai yana shekara 10. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Gaskiya ne, ko daɗin bakin 'yan kasuwa ne? Muna da fankar sama 3, firiji 1, talabijin da ƙwayayen fitila 8.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaranka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Batirin litiyam mai kyau, a ɗaki mai iska, a hannun inbatar da aka saita daidai, yana iya kai shekarun da ya ambata. Sai dai baturanka ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba, kashe su aka yi, kuma abin da ya kashe su yana nan a gidan. In ka cire su ka ajiye sabo ba tare da ka taɓa sauran ba, tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Don haka ka yi haƙuri mu fara da lissafi, mu dawo kan kasuwa daga baya.

Yunit ɗaya, irin wanda mitar kati ke cirewa, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankar sama ta da, irin wadda ke yawancin gidajenmu, tana jan kusan wat 75. Uku ke gare ka, in suka yi awa 10 suna juyawa da dare, yunit 2.25 ke nan. Ƙwayaye 8 masu wat 9 na awa 5, yunit 0.36. Talabijin da dikoda na awa 4, a ce 0.32. Firiji ba ya aiki ba tsayawa, yana tashi yana hutawa, amma daga magariba zuwa safe zai ci kusan 0.7. Cajin wayoyi, 0.1. Sannan ga wanda kowa ke mantawa da shi: ita kanta inbatar tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, da yawansu wat 30 zuwa 50, wato kusan rabin yunit a dare guda. In ka haɗa duka, gidanka yana neman yunit 4.2 kowane dare.

To nawa ne a rumbu? Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 220 yana ɗauke da yunit 2.64 a takarda. Biyu, 5.28. Amma ƙa'idar batirin dalma, wato irin wannan na ruwa, ita ce kada a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya yi kwana. Abin da ya halatta ka ɗiba kowane dare yunit 2.6 ne, kai kuwa kana ɗibar 4.2. Kullum kana tatse su har kusan ƙarshe.

Da ma a ce gari na wayewa suna cika, da da sauƙi. Farantanka jimlarsu wat 1,200. A ƙasarmu ta Arewa, in aka dunƙule hasken yini gaba ɗaya, yana daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Amma faranti ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, domin an gwada shi ne a zafin digiri 25, alhali a kan kwano a watan Afrilu jikinsa yana haura 60. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Ga ƙura, ga asarar waya, ga asarar caji. Mu a wurin aiki da kashi 70 muke lissafi. Wat 1,200 sau awa 5 sau 0.7, yunit 4.2 ke nan a yini, kuma daga ciki firiji da fankoki suke ci da rana kafin batir ya samu rabonsa. Ka ga bashi ne ke hawa kan bashi. Batirin dalma in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin allunansa na ciki, ya toshe wurin da caji zai shiga, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Ƙara da zafi: sanannen abu ne cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba kwanan wannan batir gida biyu. Wata 18 ma sun yi ƙoƙari. Zagin baturan nan kamar a bar jaki ne a doki taiki.

Yanzu ga abin da ya canza a duniyar wannan sana'a, domin ya kamata ka san abin da za ka zuba kuɗinka a kai.

Farantin sola tsohon abu ne. A 1954 aka nuna na farko mai amfani a ɗakunan binciken Bell a Amurka, yana mayar da kusan kashi 6 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki, kuma tsadarsa ta sa tauraron ɗan'adam ne kaɗai ke iya ɗaukarsa. Na yau yana haura kashi 22. Amma ba ƙarfin ne babban labari ba, farashin ne: tsakanin 2010 da 2020 ya faɗi da kusan kashi 90, saboda masana'antun Sin sun shiga ƙera shi da yawan da ba a taɓa gani ba, har fiye da kashi 80 na abin da duniya ke ƙerawa daga can yake fitowa. Shi ya sa faranti mai wat 550 ko 600 ya zama na yau da kullum a Sabon Gari, kuma shi ne ɓangare mafi sauƙin kuɗi a cikin haɗin. Wanda ya yi rowar faranti a yau ya yi rowa a inda ba ta da riba.

Batir shi ne ya daɗe yana jan ƙafa. Kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, amma shekaru da yawa na wayar hannu ne da kwamfutar tafi-da-gidanka. Motoci masu aiki da lantarki ne suka ja shi ya zama abin da ake ƙerawa tuli-tuli, farashinsa ya sauko daga sama da dala 1,000 kan kowane yunit a 2010 zuwa kusan dala 115 a 2024. Mu masu sola mun ci albarkacin masu motoci ne kawai. A 2019 aka ba mutum uku da suka aza harsashinsa kyautar Nobel, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Goodenough yana da shekara 97 a lokacin, kuma daga ɗakin bincikensa a Jami'ar Texas ne, a tsakiyar shekarun 1990, aka fito da nau'in da ya shafe ka.

Na ce nau'in da ya shafe ka domin litiyam ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke cikin wayarka yana ɗauke da kobalt, yana da ƙarfi a ƙaramin jiki, amma in ya yi zafi fiye da kima yana sakin iskar oksijin daga cikinsa, ya riƙa hura wutar kansa da kansa. Wanda ake sa wa a gida shi ne mai ƙarfe da fosfet, za ka ga an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. A cikinsa oksijin ɗin a ɗaure yake tam da fosfet, ba ya sakuwa da sauƙi, shi ya sa yake da wuyar kamawa da wuta kuma yake jure caji da sauke caji sau dubbai. Ya fi na wayar nauyi, amma wa ya damu da nauyin abin da zai zauna a kusurwar ɗaki? In mai shago ya kasa gaya maka wane nau'i ne yake sayarwa, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Mu a nan, abin da ya tura jama'a ga sola ba sha'awar fasaha ba ce, matsi ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ƙaramin janareta da wuya ya ba ka fiye da yunit 2 daga lita ɗaya, wato a wancan farashin kowane yunit ya haura naira 500, ban da baƙin mai da kuɗin gyara da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan yunit daga kusan 68. Sai kuma ƙarshen Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda ba za su manta da wannan makon ba. Tun daga nan wayata ba ta huta ba, kuma tun daga nan ne duk wanda ya iya riƙe filaya ya zama injiniyan sola. Wannan na biyun shi ne ya fi damuna.

Mu gwada litiyam da batirin ruwa gefe da gefe. Ƙwayar LFP ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙananan baturan da ake jerawa a cikin akwatin, bolt 3.2 ce. Ana jera 8 a samu 25.6, wanda ya dace da inbata irin taka, ko a jera 16 a samu 51.2 na inbata mai bolt 48. Mai 25.6 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 5.12, kuma kana iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 kullum ba tare da ka cuce shi ba. Fiye da yunit 4 ke nan a hannu. Kafin baturan ruwa su ba ka haka cikin aminci sai ka jera kusan 4, kowanne yana kai kilo 60, shi kuwa wannan gaba ɗayansa bai fi kilo 50 ba. Don haka in za ka gwada farashi, kada ka gwada shi da baturan ruwa 2, ka gwada shi da 4, sannan ka ƙirga sau nawa za ka sake sayen huɗun nan cikin shekara 8.

Akwai wata falalar da ba a cika faɗa ba, a wurina kuma ita ce babba. Litiyam bai damu da sai ya cika ba. In damina ta yi kwana uku da hadari, ko hazon hunturu ya rufe rana, yana iya zama a rabi ba abin da zai same shi. Wannan zaman shi ne ajalin batirin dalma. Yana kuma karɓar caji da sauri, in wutar Nefa ta leƙo na awa 2 ko 3 zai kwashi mai yawa kafin a ɗauke. Daga cikin yunit 100 da ka zuba masa kusan 95 suna dawowa, na ruwa kuwa 80 ne zuwa 85. Ba ƙarin ruwa, ba warin asid, ba tsatsa a bakin kusoshi.

Maganar shekara 10 fa? Masu ƙerawa suna rubuta zagaye 4,000 zuwa 6,000, wato sau nawa zai cika ya sauka kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kusan kashi 80. In ka raba 6,000 da kwana 365 ka samu shekara 16. Amma a digiri 25 aka yi wannan gwajin, ba a shagon da ke ƙarƙashin kwano a bazarar Zariya ba. Zafi yana tsufar da litiyam shi ma, ko da yake ba kamar na dalma ba. Ni abin da nake gaya wa mutane shi ne su sa ran shekara 8 zuwa 10 in ƙwayoyin na ƙwarai ne kuma ɗakin yana shan iska. Wanda ya ajiye shi a kicin kusa da risho, ko a baranda inda rana ke dukansa da yamma, kada ya kira ni da ƙorafi.

Kuma wannan "in ƙwayoyin na ƙwarai ne" ita ce gaɓar da kuɗin mutane ke salwanta. Akwati mai sheƙi da allo mai haske ba su ne batir ba. A masana'anta ana tantance ƙwayoyi, waɗanda suka cika sharaɗi su tafi wurin manyan masu saye, waɗanda suka gaza a sayar da su da araha, kuma akwai ma tsofaffin da aka ciro daga motoci ko turakun sadarwa aka sake yi musu riga. Duk suna shigowa kasuwarmu cikin akwati iri ɗaya. Na taɓa buɗe wani da aka rubuta wa amfiya 200, na gwada shi bai kai 120 ba. Abin da za ka iya yi kai da ba ka da kayan gwaji: ka ɗora shi a sikeli, domin mai yunit 5 da bai kai kilo 40 ba abin zargi ne. Ka nemi takardar garanti mai lambar batirin, daga dilan da ke da shago da wurin gyara, ba wanda zai ce ka tura kuɗi a aiko maka ta mota ba. Ka kuma yi sharaɗi da shi cewa za ka gwada a makon farko. Gwajin ba wuya: ka cika shi, ka kashe farantai da wutar Nefa, ka kunna abin da ka san ƙarfinsa, a ce wat 500, ka duba agogo. Ya kamata ya kai awa 8 ko kusa da haka. In ya mutu a awa 5, ka mayar masa da kayansa. Araha ba ta ado.

A cikin kowane akwatin akwai wata ƙaramar na'ura mai gadi, BMS ake ce mata. Ita ke sa ido kan kowace ƙwaya, ta yanke wuta in caji ya wuce kima ko ya sauka fiye da kima, ko zafi ya yi yawa, ta kuma daidaita ƙwayoyin kada wata ta riga 'yan'uwanta cika. Yawancin baturan da ake kawo mini da sunan sun mutu, ƙwayoyinsu lafiya lau, mai gadin ne ya lalace ko ya kulle. Ka tambayi amfiya nawa take iya bari su wuce. In 100 ce, a bolt 24 ba za ka ja fiye da kusan wat 2,400 a lokaci guda ba, komai girman inbatarka.

Kafin ka je kasuwar batir, ga inda zan so ka fara, kuma nan ne masu sayarwa ba sa son a tsaya domin ribarsu kaɗan ce. Koma kan lissafinmu ka duba wane ne ɓarawon gidan. Fankoki ne, sun cinye fiye da rabi. Yanzu akwai fankar sama mai sabon injin maganaɗisu wanda ba shi da gawayi, tana ba da iska iri ɗaya da wat 28 zuwa 35. Canza ukun nan kaɗai zai sauke daren gidanka daga yunit 4.2 zuwa kusan 3. Kuɗin fankoki uku bai kama ƙafar kuɗin ƙarin batirin da zai riƙe wannan bambancin ba. Irin wannan juyin ne ya riga ya faru da fitila ba mu lura ba: ƙwan da ke cin wat 60 ya koma mai cin 9, albarkacin shuɗin LED, wato tushen ƙwan fitilar zamani, da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ƙirƙiro, aka ba su Nobel a 2014. Da har yanzu ƙwan da muke kunnawa mai zare ne, da sola ba ta shiga gidan malamin makaranta ba. Haka firiji da na'urar sanyaya ɗaki masu injin da ke rage gudu maimakon ya tsaya cak ya sake tashi: wancan tashin na tsohon firiji yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na ɗan lokaci, shi ne kake jin inbata ta yi ƙara fitilu su ɗan dusashe.

Sai kuma ɗabi'ar gida, wadda ba ta cin ko kwabo. Wutar rana tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma kusan kyauta ce, ta dare kuwa sai ta bi ta cikin batir, wato ta cikin abu mafi tsada a gidan. A yi guga da hantsi. A tura ruwa tanki da azahar. Firiza ta yi ta aiki yini, a kashe ta bayan isha, ƙanƙarar cikinta ita ma batir ce. Ka zauna da uwargida ku tsara wannan tare, domin ita ke gida lokacin da rana ke sama, kuma na ga gidaje da dama inda ita ce ta fi maigidan gane abin da allon inbatar ke faɗi. Hita da risho mai lantarki da dare kuwa, a haƙura. In kana da burin na'urar sanyaya ɗaki, ka sani mai ƙarfin doki ɗaya, ko da sabuwar ƙira ce, za ta ci yunit 4 zuwa 5 a dare mai zafi. Batir guda ne nata ita kaɗai.

Inbatarka ita ce ban sani ba sai na ga takardar jikinta, amma ga abin da za a duba. Na farko, ko tana bari a saita ƙarfin cajinta da hannu. Batir mai ƙwaya 8 yana son a tsaya wajen bolt 28 zuwa 28.4, sai dai a bi abin da masu ƙera shi suka rubuta. Akwai wani caji mai ƙarfi da inbata ke yi wa baturan ruwa lokaci-lokaci don ta motsa asid ɗinsu, dole a kashe shi, litiyam ba ya son sa ko kaɗan. In tsohuwar inbata ce marar saiti, canza ta ya fi. In kuwa za ka canza, ka tafi bolt 48 kai tsaye. Dalilin shi ne wat 2,400 a bolt 24 amfiya 100 ne ke gudu a waya, a bolt 48 kuwa 50 ne, kuma zafin da waya ke yi yana sauka ninki huɗu in amfiya ta ragu da rabi. Na biyu, ka duba na'urar da ke tsakanin farantai da batir. In PWM aka rubuta, tana jawo farantin ƙasa zuwa bolt ɗin batir, kashi 20 ko fiye na ƙarfinsa yana tafiya a banza. MPPT ita ke bin inda farantin ya fi ƙarfi a kowane lokaci ta juya rarar bolt zuwa amfiya. Inbatocin zamani suna zuwa da ita a ciki, da kafar wayar da za ta riƙa magana da BMS, su nuna maka kashi nawa ya rage har a wayarka.

Farantai kuwa, mai wat 550 yana ba da kusan yunit 1.9 a yini bisa lissafinmu na ɗazu. Gida irin naka, dare da rana, zai ci kusan yunit 6 bayan an canza fankoki. Guda 4 sun wadatar har da rarar ranar hazo. Kada a ɗaura tsofaffin masu wat 300 a layi ɗaya da sababbin, domin a jeri guda mai ƙaramar amfiya shi ke yanke wa kowa hukunci. A ba su layinsu daban, ko ka sayar da su.

Akwai maganar gobara, wadda na san tana ranka ko ba ka faɗa ba. A duk gidajen da aka kira ni bayan wuta ta kama ko ta kusa kamawa, ban taɓa samun ƙwayar LFP ce ta fara ba. Kusa ce da ba a ɗaure da kyau ba, ko siririyar waya, ko wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe aka sayar da sunan ta gaske. Wani gida da na je bara, mai haɗin ya murɗa wayoyin farantai da hannu ya naɗe da salatif a cikin silin. Wata shida suna ɗumi a hankali har katakon ya yi baƙi, Allah ya sa yarinyar gidan ta ji ƙauri da rana tsaka. Wutar da ke fitowa daga faranti da batir ba irin ta Nefa ba ce. Ta Nefa tana kai da komo, tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, don haka in tartsatsi ya tashi yakan mutu da kansa. Ta batir hanya ɗaya take bi, in ta kama tartsatsi sai ta riƙe shi kamar walda. Shi ya sa bireka ta gida ba ta aiki a nan, dole a sa wadda aka yi don wannan wutar, ɗaya tsakanin farantai da inbata, ɗaya ko fiyus a bakin batir. Wayar batir a bolt 24 kada kaurinta ya gaza murabba'in milimita 25 zuwa 35, jan ƙarfe zalla, gajera, an matse bakinta da na'urar matsewa. A kafa sandar ƙasa, a sa abin kare tsawa kafin damina. Waɗannan su ne abubuwan da mai haɗi ke tsallakewa in ka matsa masa ya rage kuɗi, kai kuma ba za ka gani ba domin a bayan akwati suke.

A kan rufi, a fuskantar da farantai kudu, a karkace su digiri 10 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan ratsawa ta arewacinmu, shi ya sa ba ma karkata su da yawa, amma kada a shimfiɗe su sam, ruwa da ƙura za su kwanta a kai. A bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninsu da kwano iska ta riƙa wucewa. Ka duba inuwar tanki da ta dish da reshen darbejiya da ƙarfe 9 na safe da kuma 4 na yamma, ba da tsakar rana kaɗai ba, domin inuwa a kan faranti ɗaya tana jan 'yan layinsa duka. Da hunturu a wanke su duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Na sha zuwa gyaran sola in ƙare da bokiti.

Za ka ji ana maganar batirin sodiyam, wanda kamfanin CATL na Sin ya fara nunawa a 2021, da sababbin farantai masu hawa biyu da suka haura kashi 33 a ɗakin gwaji. Gaskiya ne suna tafe, amma ba dalilin jira ba ne ga mutumin da inbatarsa ke kuka da ƙarfe 1 na dare. In kuɗin bai kai ba a yanzu, ka bi shi daki-daki: fankoki tukuna, sai farantai da MPPT, batir a ƙarshe. Wataƙila ma tsofaffin baturan su ɗan ja ka wasu watanni in lodi ya ragu kuma suka fara cika. Abin da ba a yi shi ne haɗa litiyam da na ruwa a layi ɗaya.

In ka tashi rabuwa da tsofaffin, ka mayar wa dilan batir ya rage maka kuɗi, kada ka bari a fasa su a ƙofar gida ko a zubar da ruwansu a kwata inda yara ke wasa. Dalma ce cike a ciki, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. Ka turo mini hoton takardar da ke manne a gefen inbatar, da wadda ke bayan faranti ɗaya, zan gaya maka ko za ta karɓi litiyam da kuma farantai nawa za a iya jera mata a layi.